Rantsuwar Ustaz Labib a Kan Gashin Bakinsa

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Anfushi a Iskandariyya a shekarar 1994 ya san gashin bakin Ustaz Labib tun kafin ya san Ustaz Labib. Shi ke fara shigowa gidan gahawar Mu'allim Sirur, sannan mai shi ya biyo baya. Na taɓa auna shi da ido, kuma ba na kuskure a awo: daga tsini zuwa tsini ya kai cokalin shayi biyu a jere. Kullum da safe sai an shafa masa kakin zuma an murɗe shi sama, har ya zama in Ustaz ya juya kai da sauri, na kusa da shi sai ya kare idonsa.

Ni sunana Tadrus. Limaman mishan ne suka koyar da ni Faransanci, da rubutu mai tsafta, da kame baki har sai an tambaye ni. Da waɗannan uku na yi shekara arba'in ina rubuta layukan Faransanci da ake gani a ƙasan finafinanmu, saboda Girkawa da Italiyawan da suka cika Iskandariyya a lokacin, waɗanda suka tafi suka bar mana sunayensu a jikin shaguna. Mutanen da suka ga abin da zan faɗa sun kusa ƙarewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki.

Ustaz Labib tsohon mai duba tikiti ne a taragon cikin gari. Amma in ka ji shi a teburinmu, sai ka ɗauka ba a taɓa kunna kyamara a Masar ba sai da izininsa. Shi ya gyara wa wane tsayuwa, shi ya ba wa wance shawarar ta rina gashi. Iliminsa na fim kuwa duka daga wata tsohuwar mujallar Faransa ya fito, wadda ya saya a wurin masu tsofaffin littattafai ya kawo mini na fassara masa shafi huɗu. A nan ya tsinci kalmar “nuwar”, wato fim ɗin duhu, irin wanda ake yi cikin inuwa da hayaƙin taba, inda mace marar zuciya ke jan namiji har ta kai shi rami ba ta ko waiwaya ba. Ta hanci yake furta kalmar, yana lumshe ido.

Rigimar ta tashi ne a kan Baƙar Laima, fim ɗin da mutanen zamaninmu suka haukace a kansa a 1951. Nargis Hilal ce ta fito a matsayin Durriyya, mawaƙiyar da ta yaudari wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa ya sato mabuɗin sito, aka kama shi, rayuwarsa ta lalace. Ustaz Labib ya ce Durriyya ita ce mace ta farko mai duhun zuciya a tarihin fim ɗin Larabawa, kuma duk wanda bai ga haka ba to tikitinsa ya yi asara. Usta Shihata mai aski, wanda shagonsa ke manne da gidan gahawar, ya ce fim ɗin hawaye ne tsantsa. Baiwar Allah ce da duniya ta zalunta, maganin uwarta take nema. Ya ce sau goma sha ɗaya ya kalle shi da mahaifiyarsa, kuma kowane zuwa da hankici biyu take tafiya, ta dawo ta shanya su.

“Ya Usta, kai da sana'arka bayan kan mutane kake kallo, ina ka san abin da ke cikin ido?” in ji Ustaz Labib.

“Ni dai na ga ruwa yana fita daga cikinsa.”

“Masu kuɗin fim ne suka cusa wannan don irinku. Ita Nargis da bakinta ta gaya mini. Ni na kunna mata tabar da ta sha a kan gadar nan. Ta ce, Labib, kai kaɗai ka fahimce ni.”

Yana cikin faɗar haka kwando ya sauko daga sama ya tuge masa hula. Wannan ba sabon abu ba ne. A hawa na uku na gidan da ke kan gidan gahawar akwai wata tsohuwa, Sitti Fardus, wadda ta yi shekara ashirin ba a ganinta a ƙasa sai da dalili babba. Da kwando da igiya take cefane kamar sauran matan benaye, sai dai nata kwandon yana da wata ƙiyayya da hular Ustaz Labib. Ya tsinci hularsa, ya ɗaga kai ya kira ta tsohuwar kwando, ya ce wata rana sai ya yanke igiyar nan. Mai burodi ya sa burodi uku, kwando ya koma.

Dariyar da aka yi masa ce ta harzuƙa shi. Ya miƙe, ya kama tsinin gashin bakinsa na dama da yatsu biyu. Nan take aka ajiye ƙwayoyin domino, don a wurinmu namiji in ya kama wannan wuri ya rantse, to babu komawa. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa zai nuna wa layin nan kaf Baƙar Laima na gaskiya, yadda aka nufe shi tun asali. In mutum ɗaya tak ya zubar da hawaye, Usta Shihata ya aske wannan gashin baki a gaban jama'a.

Usta Shihata ya miƙe. Ya shiga shagonsa, muka jiyo yana wasa aska.

Washegari sai ga Ustaz a ƙofata. Kowa ya san ina da ƙaramar na'urar majigi da kwafin fim ɗin a gwangwani uku, ladan aikina na wancan zamani. Na so in hana. Ya tambaye ni ko tsoron gaskiya nake ji, ni kuma ba a koya mini yadda ake korar baƙo ba. Kafin in kawo masa shayi ya fito da almakashin ɗinkin matarsa da kwalbar jan farcenta.

Dabararsa mai sauƙi ce. Duk inda Durriyya ta yi kuka, sai ya datse, ya liƙe bakin zaren da jan farce. Ta yi kuka a kabarin ubanta, ya datse. Ta yi kuka a kan gadon uwarta, a gaban madubi, a cikin ruwan sama, a bayan ƙofa, a kan kwanon miya. Ya yi ta datsa yana gumi. Na ƙirga, kuka talatin da huɗu ne. Fim ɗin awa biyu ba minti goma ya koma minti goma sha bakwai, yawancinsa mace tana tafiya da laima. Ya ɗaga ɗan abin da ya rage ya sumbace shi, ya ce yau ya 'yanta Nargis.

Ni ban iya ganin gutsattsarin a ƙasa ba. Bayan ya tafi na tsince su ɗaya bayan ɗaya, na jera su yadda suka zo, na haɗa da gam na ainihi, na naɗe a gwangwani guda na rubuta “Hawaye” a murfinsa. Nasa kuma na rubuta “Duhu”. Da ya dawo ɗauka ya ce a ba shi duka biyun. Zai ɗaga na hawayen a gaban jama'a kamar ɓarawon da aka kama, ya ce ga abin da aka yaudare ku da shi shekara arba'in.

Saura wuri. Mu'allim Sirur ya ce bayan magaribar Alhamis lokacinsa ne da masu kallon ƙwallo, in Ustaz yana son ƙofar gidan gahawa to ya yi abinsa da la'asar ya tattara kafin magariba. Majigi kuwa ba ya fita da rana. Ustaz ya ce wannan ƙaramar matsala ce ga mai tunani, zai kawo dare da kansa. Ya ja ni muka tafi wurin Ammu Bayumi, mai ba da hayar rumfunan zane da kujeru.

Ammu Bayumi tambaya ɗaya yake yi wa kowa, biki ko makoki. Ustaz ya ɗaga hanci ya ce shi ba ya cikin waɗannan ƙananan rabe-rabe. Yana son rumfa mai kauri, rufaffiya sama da gefe, ba fitila mai launi ko ɗaya, ba kiɗa, kujera ɗari, a tare layi. Ammu Bayumi ya sassauta murya ya tambayi don wa za a yi.

“Nargis Hilal.”

“Allahu akbar. Ashe tana nan har kwanan nan?”

“Irinta ba ta mutuwa, ya Ammu.”

Ammu Bayumi ya dafa kafaɗarsa ya ce haka ne, Allah ya ba shi haƙuri. Na buɗe baki, amma ba ni aka tambaya ba, sai na rufe.

Daga nan Ustaz ya wuce wurin mai buga takarda. Ya sa aka buga hoton Nargis na ƙuruciya, aka zagaye shi da baƙin layi mai kauri saboda ya dace da ruhin fim ɗin. A ƙasa sunanta, da rana, da lokaci, da wuri, da roƙon a zo cikin baƙaƙen kaya. Kalmar fim bai sa ba, ya ce masu ilimi sun sani, jahilai kuwa ba ya gayyatarsu. Ya liƙa guda sittin daga bakin masallaci zuwa kasuwar kifi, har da tashar tarago. Ya kuma umarci Mu'allim Sirur kada a ba kowa shayi ko lemo, sai gahawa baƙa ba sukari, don ɗaci shi ne ɗanɗanon nuwar.

Ranar Alhamis tun azahar ma'aikatan Ammu Bayumi suka kafa rumfa ta cika layi, suka jera kujeru sahu biyu suna fuskantar juna, kamar yadda hannunsu ya saba. Ustaz ya juya su zuwa farin ƙyallen da muka rataya. Ya fita duba wayar lantarki, ya dawo ya tarar an mayar da su. Sau uku ana haka. A na huɗu ya haƙura ya ce masu kallo su juya wuyansu.

Ya tsaya a bakin rumfa cikin baƙar kwat, hannuwa a harɗe a ciki, daidai inda mai mamaci ke tsayawa. Mutane suka fara zuwa. Kowa ya kama hannunsa ya girgiza ya ce Allah ya ji ƙanta, Allah ya sa ta huta. Ya raɗa mini cewa ka ga yadda jama'a ke girmama fasaha. Wani dattijo daga unguwar Muharram Bey ya rungume shi ya jiƙa masa kafaɗa, ya ce tun yana saurayi hotonta ke cikin walat ɗinsa. Ustaz ya ture shi ya ce ya shanye hawayensa a waje, ba a fara ƙirga ba tukuna.

Kujera ɗari ta cika kafin la'asar. Matan kasuwar kifi suka iso a ƙungiya, Ummu Sayyid a gaba, mace mai muryar da ake ji daga jirgin da ke tsakiyar teku. Suka zauna ta bayan rumfa suka fara gwada maƙogwaro ƙasa-ƙasa. Shehu Abdulwaris, mai karatu a makokin unguwa, ya zo da kansa ba a aika masa ba, ya ce ya ga rumfa. Usta Shihata ya shigo da ƙaramar jakarsa da tawul a kafaɗa ya zauna a sahun gaba. Shi da mu 'yan gidan gahawa kaɗai muka san abin da ake yi, kuma bai ga dalilin da zai sa ya gyara wa kowa fahimta ba.

Ana haka matar Ustaz, Sitti Wafiyya, ta sauko daga motar Damanhur inda ta kwana biyu wurin ƙanwarta. Ta hango rumfar makoki a ƙofar gidansu ta yar da jakarta ta ɗora hannu a ka, tana kiran sunan Labib tana cewa ya tafi ya bar ta. Ta faɗo cikin rumfa ta yi karo da shi a tsaye. Ta dube shi, ta dubi kujerun, ta dubi hoton. Kukan ya tsaya cak.

“Kujera nawa ne nan?”

“Ɗari, ya Sitti. Zan yi miki bayani.”

“Da ubana ya rasu ashirin ka sa, biyar a karye.”

Ta nemi wuri kusa da Ummu Sayyid ta zauna, ta ce sai ta ga ƙarshen wannan abu, kuma ta tambayi ina almakashinta.

Aka sauke labulen ƙofa, rumfa ta yi duhu ƙirin da zafi kamar tanderun burodi. Ustaz ya hau kan akwatin lemo don gabatarwa. Ya ce jama'a, yau za ku san wace ce matar nan. Macijiya ce. Ba ta taɓa son kowa ba. Ta cinye namiji ta tofar da ƙashinsa, ta kunna taba a kan gawarsa, kuma wannan shi ne girmanta.

Aka fara salati ta ko'ina. Shehu Abdulwaris ya ce a ji tsoron Allah, alherin mamaci ake ambata. Dattijon Muharram Bey ya miƙe yana neman sandarsa, ya ce ko shi ɗan'uwanta ne ba zai zage ta a gabansa ba. Ustaz ya ce yabo ne yake yi, ba su gane ba. Ummu Sayyid ta ce in wannan ne yabo, ranar da ta mutu kada a bar shi ya zo. Da ƙyar ya samu ya ce su dai su kalli ƙyallen, za su gani da idonsu. Sai aka ɗauka za a nuna hotunan marigayiya don tunawa, kamar yadda manyan mutane ke yi. Shehu ya ce bai saba ganin haka a makoki ba, amma tunda ya zo zai ƙarasa gahawarsa.

Ustaz ya laluba cikin duhun da shi ya saya da hannunsa, ya ɗauki gwangwani. Ina kusa da na'ura, na ji nauyinsa a yadda ya ɗaga shi. Minti goma sha bakwai ba su da wannan nauyi. Na ɗaga yatsa kamar yadda muke yi a aji. Babu wanda ya gani. Ya ce in matsa, shi ya san majigi tun kafin a haifi majigi. Ya saƙala zare ya kunna.

Haske ya faɗa kan ƙyalle. Ga Nargis Hilal tana da shekara ashirin da biyu, durƙushe a kan kabari, hawaye na gudu har haɓa.

Ummu Sayyid ta saki murya. Sauran matan suka ɗauka. Kafin kukan kabari ya ƙare na gadon uwa ya shigo, ba hutu, ba magana, ba komai a tsakani. Na madubi ya biyo, sai na ruwan sama. Ban taɓa yin aiki mai tsafta kamar haɗin nan ba, ko gargada babu. A kuka na bakwai maza suka fara jan hanci. A na goma sha biyu Mu'allim Sirur, wanda aka ce ko a jana'izar uwarsa bai yi ƙwalla ba, ya ajiye faranti ya rufe fuska da gyalen wuyansa. Shehu ya ce a ƙuruciya, kafin Allah ya shirye shi, ya ga wannan sau uku, ya roƙi a ara masa hankici.

Ustaz ya yi ta ihu cewa ba shi ba ne, wannan ɓarawon ne, na gaskiya yana ɗaya gwangwanin. Ya kai hannu zai kashe, Ummu Sayyid ta riƙe masa hannu da hannun da take fasa kan kifi da shi, ta ce ya bar baiwar Allah ta yi kukanta na ƙarshe. Ya sunkuya zai cire waya da ɗaya hannun, zafin fitilar na'ura ya narkar da kakin zuma, tsinin hagu ya sauko ya kwanta a kan leɓensa. Usta Shihata ya tashi da 'yar tocila yana bin sahu yana haska fuskoki yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya kai arba'in da wani abu sai muryarsa ta karye, don an zo kukan da mahaifiyarsa ta fi so. Ya zauna yana wasa aska a tafin hannunsa yana sheshsheƙa.

A kuka na ashirin da shida wani abu ya zuro ta tsagin rufin rumfa ya tuge hular Ustaz. Kwando ne. A cikinsa akwai 'yar takarda. Mu'allim Sirur ya haska ya karanta: “Wa ya mutu?” Ya juya bayanta ya rubuta sunan da ke jikin hoton sanarwar, kwando ya hau.

Ni kaɗai na san abin da zai biyo baya. Na yi sati shida a 1951 ina kallon fuskar nan hoto bayan hoto don in daidaita layukana da leɓenta. Ranar da Sitti Fardus ta tare a layinmu, ganin farko na gane ta, da tawadar Allah a ƙasan kunnen hagu da yadda take ɗaga gira ɗaya. Shekara ashirin ina sa mata jaridar da na gama karantawa a kwando. Babu wanda ya tambaye ni.

Muka ji taku a matakala, a hankali, da ƙarar wani abu yana dukan dutse. Labule ya ɗaga, hasken rana ya shigo da wata 'yar tsohuwa cikin rigar gida da silifas, tana dogara wata tsohuwar baƙar laima. Ta ratsa tsakanin sahu biyun har gaban ƙyalle, ta juyo. Fuskar yarinyar da ke cikin fim ɗin ta faɗa kan tata, kunne a kan kunne. Ta ɗaga gira ɗaya.

Dattijon Muharram Bey ne ya fara ganewa, ya zame daga kujera. Ummu Sayyid ta yi ƙara ta saki hannun Ustaz, rabin rumfa suka yi ƙofa, sauran rabin suka hau kujeru. Shehu ya yi ta'awizi, sannan ya lura da silifas ɗin, ya ce jama'a su zauna, wanda ya dawo daga kabari ba ya zuwa da takalmin wanka. Na kashe na'ura, aka ɗage gefen rumfa.

Ustaz Labib bai gane komai ba. Ya ce wa ya bar tsohuwar kwando ta shigo, ta tsaya a gaban Nargis.

“Kai ne Labib da ka kunna mini taba?” ta ce.

Ya dubi hoton sanarwar, ya sake dubanta.

“Shekara ashirin ina jin ka daga baranda. Ban taɓa shan taba ba, asma gare ni. Alli ne aka naɗe a takarda. Kwandon nan kuma da kake zagi, ban taɓa kuskuren saiti ba.”

Dariya ta ɓarke a cikin mutanen da fuskarsu ba ta bushe ba. Usta Shihata ya matso yana murna, ya roƙe ta ta raba gardama da bakinta, fim ɗin duhu ne ko na hawaye. Ta ce duhun da Ustaz ke taƙama da shi rowar mai fim ce, fitilu biyu suka ƙone ya ƙi sayen wasu. Kallon nan mai daskarar da jini kuma, ba ta gani nesa ne, an hana ta tabarau, alamar da aka zana mata a ƙasa take nema. Usta ya fara tafi. Ta juyo gare shi ta ce hawayen kuwa albasa ce a cikin hankici, buhu guda suka ƙarar, kuma ya gaishe mata da mahaifiyarsa in tana raye. Tafin ya mutu a hannunsa.

Amma rantsuwa ba a kan wannan take ba, kuma layi kaf shaida ne. An ce hawaye ɗaya, ga shi an jiƙa kujera ɗari. Aka zaunar da Ustaz a tsakiyar rumfa, aka ɗaura masa tawul. Ya dubi matarsa, ta ce ita almakashinta take jira. Ya ce a yi la'akari da cewa kuskuren na'ura ne. Ya ce a ɗaga zuwa Asabar. Usta Shihata ya shafa kumfa ya buɗe aska, sai Sitti Fardus ta miƙa hannu ta ce makokinta ne, ita za ta yi.

Ta sa tabarau. Ta kama haɓarsa da yatsu biyu ta ɗaga. Ja uku ta yi, ɓangaren dama ya faɗo kan tawul, mai tsinin da aka rantse da shi. Ta naɗe aska ta mayar wa mai ita.

“Saura ɗaya, ya Sitti,” in ji Usta.

“Ba a cika aski ana cikin makoki. Ya bar wannan haka har ranar arba'in ɗina. Kullum kuma shi zai cika mini kwando.”

Ta faɗi haka ba murmushi, tana kallonsa ta saman tabarau, hayaƙin gawayin shisha na ratsa hasken da ke shigowa ta tsagin rufi. Ustaz Labib yana zaune da rabin fuska a kumfa, ya bi ta da ido har ta juya da laimarta ba ta waiwaya ba. Ya jawo hannun rigata, idonsa na ƙyalli.

“Ka gani, ya Tadrus Efendi? Ka ga idon nan? Nuwar.”

Kwana arba'in ya yi yana yawo da rabin gashin baki, kuma kullum sai ya shafa masa kaki ya murɗe. Ya gaya wa mutanen tarago cewa sabon yayi ne daga Faransa. Kafin wata ya cika labarin ya koma cewa shi ya gano Nargis Hilal bayan duniya ta manta da ita, kuma da gangan ya shirya komai don ya sauko da ita daga bene. Ni na yi wata biyu ina mayar da kuka talatin da huɗu wurarensu. Jan farcen Sitti Wafiyya ya ci hotuna ɗari biyu da tara, waɗanda ba za su dawo ba.

Bayan shekara shida kwando ya daina saukowa. Ammu Bayumi ya kafa ƙaramar rumfa, amma mutane kaɗan suka zo, don unguwa ta ce ta riga ta yi kukanta tun da ƙarfinta. Mu bakwai ne, na ƙirga. Ustaz Labib ya tsaya a bakin ƙofa cikin baƙar kwat ɗin nan, wannan karon ya san inda ya tsaya, da tsohuwar laima a hannunsa wadda ta ce a ba shi. Da Shehu ya fara karatu, sai muka ga kafaɗunsa suna rawa, ruwa na bin gashin bakin da ya sake tsirowa fari fat yana ɗiga ta tsini biyun.

Usta Shihata ya karkato ya raɗa masa, “Hawaye ne nake gani, ya Ustaz?”

Ya share da bayan hannu, ya murɗe tsinin dama.

“Hayaƙi ne, jahili.”

Babu mai shan komai a rumfar.